Kunnen Aro a Kasuwar Gwagwalada

Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka ba sai kun amsa mini ba, ku dai kasa kunne. Abin da ya same ni ne a bakin sana'ata, ni Tabawa, wadda ake kira Inna mai kaset a kasuwar Gwagwalada, ko da yake rabona da riƙe kaset har na manta. Ban yi boko ba, ban san harafi ko ɗaya na Turanci ba. Faɗa nake yi ana rubutawa. Ku yaran yanzu kukan leƙo shagona ku ga tsohuwa a gaban kwamfuta, ku yi dariya, ku ce aikin nan ai danna ja ne kawai. To ku zauna in gaya muku abin da ke bayan danna ja.

Sana'ata ɗaukar murya ce. Mutum ya zo da maganar da yake so ta isa ga wani nasa da ke nesa, ya faɗa, na'ura ta riƙe, a ba direba ya kai. Za ku ce ina waya? Waya tana nan, ko makiyayin da ke bayan shanu yana da tasa. Amma waya tana mayar da amsa. Akwai maganar da baki ba ya iya fitarwa idan ya san wancan yana ji a lokacin, yana numfashi a kunnenka, yana iya katse ka. Maganar suruki ga surukinsa, maganar ƙani ga wan da ya ɓata wa, maganar uwa ga ɗanta na fari. Irin wannan ce take zuwa wurina. Sannan can cikin dajin da ake kiwo ba ko'ina ake samun sabis ba, amma ƙaramar wayar nan mai tocila tana karanta memori, ɗan katin nan da ake zuba murya a ciki, ko a ƙarƙashin dutse.

Saƙon farko da na ɗauka na wata matar lebura ne, 'yar Daura, lokacin ana ta gina garin nan, mazajenmu suna ɗaukar siminti. Tana so ta shaida wa mahaifiyarta cewa tana da juna biyu. Ta zo wurin Malam Haruna, yayan mijina, wanda yake sayar da kaset ɗin wa'azi a shagon nan da nake ciki yanzu. Ya ajiye mata rakoda, ta zauna, ta kasa. Ya juya baya, ta kasa. Ni ina waje ina suyar ƙosai, sai ya kira ni ya ce mace ba za ta yi magana a gaban namiji ba, in zo in gwada. Ya kama yatsuna biyu ya ɗora a kan jan maɓalli da na kusa da shi, ya ce tare ake danna su. Sannan ya ce, "In kin danna, ki fita. Ki tsaya inda za ta riƙa ganin bayanki." Dokar farko ke nan, kuma har yau ban karya ta ba. Mai ɗaukar saƙo ba ya jin saƙo.

A hannunsa na koyi sauran. Yadda ake goge kan rakoda da auduga da sifirit. Yadda ake naɗe kaset da biro don a rage wa batir wahala. In rakoda ta tauna zare, yadda ake jawo shi a hankali, a yanke wurin da ya yamutse, a haɗa da jan farce. Kuma shi ya ba ni doka ta biyu: gwaji kafin baƙo ya buɗe baki ne, ba bayan ya rufe ba. Ki yi bisimilla a bakin abin magana, ki mayar baya, ki ji muryarki da kunnenki. In kin ji, sai ki zaunar da baƙo. In ya gama, kin rasa damar gwaji, domin abin da ke ciki ba naki ba ne.

Da kaset ya ƙare a duniya, Malam Haruna ma ya riga mu gidan gaskiya, sai na sayi kwamfutar tebur, tsohuwar ofis, irin wadda ma'aikatu ke sayarwa in sun yi sabuwa. Kowa ya ce Tabawa ta haukace. Amma na koye ta kamar yadda na koyi hanyar kasuwa, da launi da gurbi da kunne. Koren rami na sifika ne, rami mai ruwan hoda na makirufo. Jan da'ira ɗauka, mai kusurwa uku kunnawa, baƙin murabba'i tsayawa. Idan mutum yana magana, wani layi yakan yi ta tsalle a gilashin kamar ciyawa a iska, da shi nake sanin tana ji. Ma'aikatan gwamnati suna zuwa in zuba musu karatun Alƙur'ani don mota, masu babur suna zuwa don waƙa, duk da kunne nake gane wanne ne wanne: in kunna kaɗan, in ji, in tura. Ku gane wannan da kyau. Ku kuna da ido a kan rubutu, ni kunne kawai gare ni. Ranar da kwamfuta ta rasa murya, ni makauniya ce a cikin shagona.

Shekarar wahala ita ce wadda aka yi wata tsawa da damina, wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, na ji ƙauri, gilashi ya yi baƙi. Aka kai kwamfutar Gwarinpa, can cikin birni, wurin wani mai gyara, Bayerabe, Oga Bayo, mutumin kirki mai yawan dariya. Ya ce abin da ya ƙone sai an kawo daga Legas. Aka yi ta jira. Ina zuwa shago in share, in zauna, in kalli wurin da take, in rufe in tafi. Masu waƙa suka koma wurin wasu. Masu saƙo kuwa ba su da wani wurin, sai su zo su tsaya a ƙofa su tambaya, in ce tukuna, su koma da maganarsu a ciki. Aka dawo mini da ita ana gobe kasuwar shanu, da yamma, babu wuta, janareta kuma babu mai, ban samu na kunna ba.

Washegari ina buɗe shago na tarar da Daso a tsugune a ƙofa. Daso Bafulatana ce mai tallan nono, daga wata ruga da ke bayan gari, mun daɗe da sanin juna. Ran nan ƙwaryarta babu komai a ciki sai zane a naɗe. Ta rame, cikinta ya kumbura. Ta ce likitocin asibitin koyarwa sun ce ta zo da yamma a ba ta gado, gobe da safe za a yanka cikin a cire abin da ke ciki, kuma sun gaya mata gaskiya cewa a irin shekarunta ba su da tabbas. Sannan ta dubi ƙasa ta ce tana da saƙo zuwa ga wancan.

Na san wanda take nufi. Ɗanta na fari ne, sunansa Buba, amma ba a bakinta na ji sunan ba, a bakin 'yan uwanta masu nono na ji. Mu ma Hausawa muna kunyar ɗan fari, sai dai tasu ta fi tamu nauyi. Tun da ta haife shi ba ta kira sunansa ba, ba ta yi masa magana ido da ido ba, kakarsa ce ta raine shi. Da ya girma ya sayar da wata saniya da Daso ta gada daga mahaifinta, ya sayi babur, bai nemi izininta ba. Ya aiko mata da madara a ƙwarya don ban haƙuri, ta kife ƙwaryar a gaban mutane. Shi ke nan, ba zagi, ba duka. Ya kora shanunsa ya haye kogi ya yi kudu, bai sake waiwayowa ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo.

Hanyar kai masa saƙo ɗaya ce. Akwai wani direban motar shanu, Sale, da ke zuwa wata kasuwa a can, ya ba wani dillali, dillalin ya shiga daji da babur. Sale yana tashi bayan azahar in an gama lodi. In ya tafi, sai wata kasuwar, kuma wata kasuwar ba mu san ko Daso tana duniya ba.

Na yaye zanen da nake rufe kwamfuta da shi, na tayar da janareta, na kunna. Tun daga nan na san da matsala, domin takan yi wata 'yar ƙara in ta farka, kamar gaisuwa, ran nan ba ta yi ba. Fuskarta ma ta sauya, hotunan da na sani sun bar gurabensu. Na lalubo karatun da nake buɗe shago da shi, na danna mai kusurwa uku. Abin da ke nuna tafiya yana tafiya, murya babu.

Na bi ta yadda na saba. Na duba sifika, fitilarta tana ci. Na murɗa maɓallin ƙara har ƙarshe. Na zare wayarta daga bayan kwamfuta na taɓa bakin da ɗan yatsa, ta yi gurnani, wato tana da rai. Na mayar koren rami, shiru. Na kawo ta ramin gaba, shiru. Na hura ramin, na goge bakin wayar da gefen zanena, na kashe kwamfutar na sake kunnawa. Na jona sifikar a wayar hannuna, ta yi waƙa garau. Daga nan na san ciwon ba a waje yake ba, a ciki yake. Daso tana zaune a benci tana bin hannuna da ido. Da ta yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

A can ƙasan gilashi, ta dama, akwai ɗan hoton sifika. Na matsa kusa na ga an soke shi da ja. Na kai ɓera, wato abin nan da ake ja a tebur, na danna. Sai gilashin ya dushe gaba ɗaya, wani akwati ya fito a tsakiya da hoton garkuwa da rubutu da wani fili fari yana jira. Duk zamana da ita ban taɓa ganin wannan akwatin ba.

Na leƙa na kira maƙwabciyata, Mama Nkechi, 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da busasshen kifi. Bango ɗaya ne tsakaninmu tun zamanin kaset. Ta iya karatun Turanci, Hausarta kuma ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Ta shigo tana goge hannu a zane, ta sunkuya ta karanta, ta ce, "Mama Kaset, wannan abu ya ce kai ba maigida ba ne. Ya ce sai maigida ya ba da izini."

Na ce ai ni ce mai ita, kowa a kasuwar nan shaida ne.

Ta ce, "Kasuwa ya sani. Shi bai sani ba."

Ta yi mini bayani yadda ta gane. Oga Bayo da ya gyara ta ya yi mata ƙofa biyu. Babbar ƙofa tasa ce, ya kulle da kalmar sirri. Ni ya shigar da ni ta ƙofar baƙi, inda za ka zauna ka ci abin da aka ba ka amma ba ka taɓa komai. Abin da zai buɗe mata murya yana ajiye a ciki, sai dai baƙo ba shi da ikon ɗaukowa. Ina tsaye a shagona, a gaban kayana, ina neman izinin wani mutum da ke Gwarinpa.

Muka kira shi, ta yi ta ringi bai ɗauka ba. Muka sake, aka ce a kashe take. Rana tana ɗagawa. Sale ya leƙo ya gaishe ni ya ce in akwai saƙo a shirya, yau shanu ba su da yawa, lodi ba zai ja ba. Mama Nkechi ta ciro babbar wayarta ta ce a ɗauka da ita mana, ai ita ma tana ɗaukar murya. Daso ta girgiza kai. Ta ce waya tana kwana a gidan mutane, yara suna wasa da ita, abin da ya shiga cikinta duniya ce ta ji. Ta ce ta zo wurina ne domin ta san ina gogewa a gaban mai saƙo. Gaskiyarta, wannan ce dokata ta uku: in an zuba a memori, a share na cikin kwamfuta mai shi yana kallo.

Muka ci gaba da kira. Ina kira, ina duban inuwar rumfa tana janyewa, ina duban Daso tana dafe ciki. Can aka ɗauka, kiɗa yana tashi a bayansa, ashe Oga Bayo ya tafi garinsu bikin binne kawunsa. Ya yi ta ba ni haƙuri, ya ce, "Mama, ka yafe ni, na kulle ne don kada ka goge wani abu da kuskure." Na miƙa wa Mama Nkechi wayar. Yana faɗa mata harafi ɗaya ɗaya, tana nema da yatsa ɗaya, tana warin kifi a kan maɓallaina. Ta gama, akwatin ya ƙi. Ta sake, ya ƙi. Suka hau gardama da Turancinsu, ashe harafin farko babba ne, bai faɗa ba. A karo na gaba akwatin ya ɓace, wani layi ya soma rarrafe daga hagu zuwa dama. Ya tsaya a tsakiya ya daɗe har na soma salati a fili. Sannan ya ƙarasa.

Na manta na bar maɓallin ƙara a ƙarshe. Karatu ya fashe a shagon har kwanon rufi ya amsa, Daso ta zabura ta dafe ƙwarya, wani mai awaki da ke wucewa ya tsaya ya shafa fatiha. Ban taɓa jin daɗin ƙarar da ta kusa fasa mini kunne ba sai ran nan.

Amma baki ne ya buɗe, saura kunne. Na jona makirufo a raminsa, na danna ja, na yi bisimilla. Layin bai motsa ba. Na ɗaga murya kamar mai talla, bai motsa ba. Oga Bayo yana kan waya, ya ce wannan ma wata ƙofa ce, sabon tsarin da ya zuba mata ba ya barin a ji mutum sai an ba da izini. Ya yi ta jan Mama Nkechi daga ɗaki zuwa ɗaki a cikin kwamfutar, ta shiga nan ta fito, har ta kai ga wani ɗan makunni, ta danna ya koma shuɗi. Na sake bisimilla, layi ya yi tsalle. Na mayar baya na ji muryata. Ana haka wayarsa ta katse, ba ta sake shiga ba. Mama Nkechi ta koma wurin kifinta.

An kira azahar. Na zaunar da Daso, na matso mata da makirufo dab da baki, na gaya mata kada ta taɓa komai. Na danna ja, na fita, na tsaya a rana inda za ta ga bayana. Na daɗe a tsaye. Ina jin kukan shanu ana tura su mota, ina jin yaran mota suna buga ƙarfe, daga cikin shago kuwa ko tari ban ji ba. Sale ya yi hon. Na ɗaga masa hannu ban juya ba. Can Daso ta fito tana gyara ɗankwali, ta ce ta gama.

Na shiga na tarar da wani sabon akwati a tsakiyar gilashi, da rubutu da maɓalli biyu. A ƙarƙashinsa ina hango layin muryar Daso, a miƙe kamar igiyar shanya, sai ɗan tudu nan da can wanda ido da ƙyar yake gani. A tsohon tsarin kwamfutar, in ta yi tambaya na hagu nake dannawa, shi ne to. Amma ranar ba abin da yake a gurbinsa, sai na ɗauke hannuna daga ɓera na sake kiran Mama Nkechi. Ta karanta ta ce, "Ya ce yana so ya mutu ya tashi, don ya gama aikin da muka sa shi. Yana tambaya yanzu ko anjima. Na hagu shi ne yanzu." Saƙon kuwa ban adana shi ba tukuna. Da an danna hagu, da ya tafi da shi. Ta danna anjima, na danna tsayawa, na adana.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne babba. Ban san lokacin da akwatin ya fito ba. Ban sani ba ko da ya fito ya toshe wa kwamfutar kunne, ko kuwa Daso ce ta yi magana ƙasa ƙasa. Layin bai gaya mini ba. Ko dai akwai saƙo a ciki, ko babu komai sai iska.

Na ce wa Daso ta daure ta sake. Ta dube ni ta ce, "Inna, abin da na faɗa sau ɗaya yake fita."

Na roƙe ta izinin in saurari farkonsa kawai, in ji ko akwai murya. Ta ce ai ina jin Fulatanci. Ba ƙarya ta yi ba, zama da su ya koya mini. Na ce to ta sa abin kunne ta saurara da kanta. Ta ce ta ji kanta tana faɗin wannan magana? Allah ya kiyaye. Ta ce a ba Sale haka nan, in Allah ya so yana ciki.

Ni kuwa na san abin da ita ba ta lissafa ba. Yaron nan rabonsa da uwarsa ƙwarya ce a kife. In aka bi daji aka kai masa memori aka ce daga mahaifiyarka, ya keɓe ya kunna, ya ji shiru daga farko har ƙarshe, ba zai ce kwamfuta ce ba. Zai ce ta sake kife masa ƙwarya. In ta mutu a wurin yanka, da wannan zai zauna har tasa mutuwar. Gara kada a kai komai da a kai masa wofi. Na gaya mata haka. Sale ya sake hon, wannan karon mai tsawo.

Sai idona ya faɗa kan Mama Nkechi, tana tsaye tana jiran a sallame ta. Na ce wa Daso ga kunnen da za mu ara. Matar nan ba ta jin Fulatanci ko na sayen nono, za ta ji akwai murya ko babu, ba za ta san me aka ce ba. Daso ta ƙare mata kallo. Sannan ta yi mata wata magana da Fulatanci, a natse, kamar addu'a. Mama Nkechi ta haɗa hannu ta ce amin, amin. Abin da Daso ta ce shi ne kifinki ya fi mushe wari. Na ga gefen bakin Daso ya motsa. Ta ce to.

Na zare sifika na jona abin kunne, na sa wa Mama Nkechi, na ƙara sauti, na danna mai kusurwa uku, na juya na kalli bango. Ta ce babu komai. Ta sake cewa babu komai. Ta ce tana jin saniya tana kuka daga nesa. Ta ce tana jin numfashi. Sannan ta ɗaga hannu, ta kasa kunne har ƙarshe.

Da ta cire ta ce, "Akwai magana. Yana yi ƙasa ƙasa kamar mai roƙon Allah, ban gane ko ɗaya ba. Sai dai wani Buba, Buba, Buba da yake ta kira. Wane ne Buba?"

Daso ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Ni na yi kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

Akwai wani maɓalli da ke kumbura siririyar murya, na danna shi ban saurara ba, na ga layin ya yi kauri. Na zuba a memori, na share na cikin kwamfuta, na ce wa Daso ta leƙa ta gani, ta leƙa ta ƙasan mayafi. Ta tsinko zare daga gefen ɗankwalinta, muka naɗe memorin a leda muka ɗaure da shi, don ya gane daga inda ya fito. Na ruga da shi da tsufana, motar ta riga ta soma gangarawa, yaron mota ya miƙo hannu ya karɓa. Da na dawo Daso ta ɗauki ƙwaryarta ta kama hanyar asibiti, ba mu yi sallama ba.

Daga nan sai jira. Sale ya dawo ya ce ya ba dillali, abin da ya biyo baya bai sani ba. Masu nono suka ce an yi aikin, amma ba ta farfaɗo sosai ba, wata ta ce tana magana, wata ta ce ba ta yi. Oga Bayo ya dawo daga garinsu ya zo har shago ya mayar da ni babbar ƙofa, ya sa kalmar sirrin da zan iya dannawa da gurbi ba da karatu ba. Na zama mai gidana. Amma kullum in na kunna na ji 'yar gaisuwarta, tunanina yana kan ko wancan memorin ya yi magana a wayar da aka sa shi.

Wata safiya wani dogon mutum ya tsaya a ƙofa, sanda a kafaɗa, taɓo har gwiwa. Ya yi sallama ya buɗe tafin hannu, ga leda da zaren ɗankwalin Daso. Ya tambaya ko nan ne. Na ce nan ne. Ya ce daga asibiti yake, tana da rai, ta soma shan kunu. Na tambaye shi ko sun gana. Ya ce ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, ita ta juya fuska bango, ta tambayi ƙanwarsa ko wancan ya ci abinci.

Ya ce in zuba masa abin da ke ciki a wani memorin, ya zama biyu, domin daji yana cin kaya. Na zuba ban saurara ba. Ya karɓa ya sa a aljihu, amma bai tafi ba. Ya tsaya yana kallon makirufo. Can ya ce shi ma yana da saƙo.

Na ce masa ai ga asibitin can, da ƙafa ma za ka je.

Ya ce, "Na sani, Inna."

Na yi bisimilla, na mayar baya, na ji muryata. Na zaunar da shi, na danna ja, na fita na ba shi baya. Da ya gama na shigo na duba, layin nan a miƙe kamar na uwarsa. Na gaya masa ban da tabbacin ta ɗauka. Ya tambaya yaya aka yi da nata, na faɗa masa. Ya sunkuyar da kai ya ce a kira mai kifin.

Mama Nkechi ta zo tana goge hannu, ta sa abin kunne, ta saurara har ƙarshe. Ta cire, ta buɗe baki za ta soma. Na sa tafin hannuna na rufe mata baki, na ce, "Akwai ko babu?"

Ta cikin yatsuna ta ce, "Akwai."

Na zuba, na share, ya ɗaure da zaren nan na uwarsa, ya miƙa wa ƙanwarsa da ke jira a waje ta kai. Shi ya bi bayanta daga nesa.

To kun ji abin da ke bayan danna ja. Nan zan danna baƙin murabba'i.